Kafin a sauke batirin akori-kura zuwa shasi

Duk wanda ya taɓa leƙa gefen tirela ko tifa ya ga akwatin ƙarfe maƙale a jikin shasi, tsakanin kan mota da tayoyin baya. Galibi batura biyu ne a ciki, an haɗa su suna ba da volt 24. Ganin haka ne ya sa wasu masu akori-kura ke tambaya: me zai hana a ciro nasu batirin daga ƙarƙashin bonet, a ɗaure shi a ƙarfen da ke ɗauke da motar?

Dabarar ta daɗe. Akori-kurar Chevrolet da aka ƙera a Amurka daga 1947 zuwa farkon 1955 batirinta a ƙasa yake, sai an ɗaga wani murfi a wurin da fasinja ke ajiye ƙafa kafin a kai gare shi. Ford ma ya shekara da shekaru yana maƙala batir na biyu a shasin motocinsa na E-Series masu shan dizal. Masu yin wannan aiki a Amurka yau galibi wuri suke nema: an sa inji mafi girma, ko an ƙara turbo, ko ana son batir na biyu don na'urar janyo mota idan ta kafe.

Hujja mafi ƙarfi ta sauke batir zuwa shasi ita ce zafi. Masu ƙera batir na auna rayuwarsa ne a ma'aunin zafi na 25, kuma ƙa'idar da suka saba bi ita ce duk ƙarin zafi na kusan maki 8 zuwa 10 yana raba wannan rayuwa biyu. Ruwan batir ya ƙafe, farantan dalma su ci. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda Afrilu ke haura 40 a inuwa, ba sai an faɗi halin da batir ke ciki ba idan yana zaune dab da inji.

Duk da haka, ga mafi yawan masu Hilux da ke bin hanyoyin karkara, barin batir inda kamfani ya ajiye shi ya fi alheri. Matsalar tana ga waya.

Lokacin tayar da mota, kik na iya jan amfiya 200 ko fiye, na dizal kuwa ya zarce haka nesa. A ƙarƙashin bonet wayar gajeriya ce. Da an kai batir tsakiyar shasi, sai ta koma mita 3 ko 4. A tura amfiya 250 ta wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 16 da tsawon mita 4, za a rasa fiye da volt 1 a hanya. Idan mai kaurin 50 ce, asarar ba ta kai rabin volt ba. Wannan bambanci shi ne tsakanin motar da ke tashi bugu ɗaya da wadda ke nishi da asuba har sai an tura. Ga shi kuma kasuwa cike take da wayar alminiyom da aka shafa wa tagulla a baya. Sai an fere bakinta a ga farin ciki kafin a gane.

Abin tsoron ya wuce ƙin tashi. Waya mai wuta dare da rana ce ke kwance a jikin ƙarfe, kusa da salansa da bututun mai. Gargada ta yi ta goga ta har robar ta huje, tagulla ta taɓa shasi, batir ya juye ɗaruruwan amfiya a take. Kashe makulli ba ya tsayar da ita. Shi ya sa dole a sa babban fis dab da kan batir, a zura wayar cikin bututun roba, a ɗaure ta taki-taki. Hukumar tseren motoci ta NHRA a Amurka ba ta barin motar da aka sauya wa batir wuri ta shiga fili sai da makunnin da ke yanke wuta gaba ɗaya.

Sai mazaunin batirin. Abu ne mai nauyin kilo 20 ko fiye, yana tsalle a kan hanyar burji. Kamfanonin mota na gargaɗin kada a huda leɓen sama ko na ƙasa na shasi, kada kuma a yi masa walda, don nan ne tsagewa ke farawa. Ramukan da ke gefensa tun daga masana'anta su ake nema a ɗaura noti. Sannan shasin akori-kura bai kai na tifa tsayi ba. A damina, rafin da direba ke ratsawa hankali kwance zai nutsar da batir, laka ta toshe kansa, tsatsa ta biyo baya. Batir na AGM, wanda ba a ƙara masa ruwa, ya fi jure wannan, amma kuɗinsa ya fi.

Mai buƙatar batir na biyu don firij ko fitilun aiki yana da dalili, muddin zai biya kuɗin waya mai kauri, fis da akwati mai murfi. Wanda zafi kawai ke damunsa, akwai hanya mai araha: a mayar da rigar batir da makanikai kan cire su yar, a ƙara maƙale maɗaurinsa, a wanke kawunansa, a riƙa duba ruwansa kafin bazara ta kankama.