Ina talakka zai kai iyalinsa ran Lahadi? Filin sukuwa

Kwanan baya, cikin shirinmu na dare a gidan rediyo, wani magidanci ya bugo mana tarho da wata tambaya. Ya ce shi tela ne, da mata ɗaya da ɗiya 5, kuma abin da yake iya warewa ran Lahadi bai wuce jika 2 ba. To, ina zai kai su su sha iska, su ga wani abu wanda ba bangon gida ba? Nan take muka ce masa: Malam, filin sukuwa. Amma da yake Bahaushe ya ce dokin mai baki ya fi gudu, mu kuwa baki ne sana'armu, sai muka ga bai dace mu tura mutum inda mu kanmu muka yi shekaru ba mu taka ba. Lahadin da ta biyo baya muka kwashi namu iyalin, muka nufi filin sukuwa na nan Damagaram.

Ga lissafin abin da muka kashe. Adaidaita, kai da kawowa, jika 1. Gyaɗa, rake da awara na yara, dala 100. Ruwan leda, dala 30. Tabarma daga gida uwargida ta ɗauko ta. A gefen fili inda muka shimfiɗa, babu wanda ya tambaye mu ko dala. Muka isa bayan la'asar, muka taso gab da magariba da sauran canji a aljihu. Sai a gwada mana wani wurin da mutum zai shiga da mutum 6 a bayansa ba a ƙirga kawunansu a bakin ƙofa ba. Gidan kallon ƙwallo kowane kai da kuɗinsa, kuma ba wurin mata da ƙananan yara ba ne. Wuraren wasan yara na zamani kuwa, lilo ɗaya ya isa ya cinye kuɗin cefanen yini.

Abin da aka samu da kuɗin nan ba ƙarami ba ne. Kafin a tashi tsere, ana zagayawa da dawakin a gaban jama'a, kowane da mai jan linzaminsa, makaɗa na bin su da kirari. Ana raba su aji-aji, na gida dabam, manya-manyan da ake kawowa daga wajen Cadi da Sudan dabam. Da an sake su, mita 1000 ba ta ɗaukar su fiye da minti ɗaya da ƴan daƙiƙai, ƙasa na girgiza, ƙura na tashi, tsoho da yaro kowa na ihu. Wani dattijo da ke kusa da mu ya jawo ɗanmu ɗan shekara 8 yana nuna masa: wancan baƙin shi ne akawal, wancan farin kili, ga danda mai dabbare-dabbare, ga hurde, ga gunya. Yaron nan ya san sunan ƴan ƙwallon Ispaniya da Ingila har da lambar rigunansu, amma sai ran nan ya ji kalmar akawal. Kunya ta kama mu, domin laifin ba na lakwal ba ne, namu ne.

Doki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Da mahaya masu lifidi da sulke Sarki Tanimu ya ɗaukaka Damagaram a ƙarni na 19. Bisa doki Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri suka tsare garuruwansu. Sarautu irin su Madawaki da Shamaki daga doki suka samo sunansu. Amma fari na 1973 da na 1984 ya rage dabbobi a hannun mutane, sannan babur ya zo ya amshe aikin da ya saura. Yau a birni, in ba hawan salla ba, yaro sai ya shekara bai ga doki da sirdi ba. Hawan salla sau 2 ne a shekara. Filin sukuwa shi ne ya rage inda ake ganin doki yana aikinsa a kai a kai.

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko, wai sukuwa wasan masu kuɗi ne. Gaskiya ne riƙon dokin tsere sai mai hali, domin gero, dusa, harawa, kanwa da magani, ga ladan mai kula da barga, sun fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. To amma a nan ne daɗin yake: Alhaji ya biya, talakka ya yi kallo. Kuma kuɗin nan ba waje suke fita ba. Suna shiga hannun manomin da ya sayar da harawa, da badukun da ya ɗinka kayan sirdi, da maƙerin da ya ƙera linzami da likkafa, da yarinyar da ta kawo tallar gyaɗa.

Na biyu, wai wurin caca ne. Ba mu musun cewa akwai masu ƙulla fare a gefe, kuma ba mu goyon bayansu. Malamanmu ba su hana tseren dawaki ba, caca suka hana. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: cacar doki mafi girma a garuruwanmu ba a filin sukuwa take ba. Tana bakin titi, inda magidanta ke duƙufa tun da safe bisa takardar PMU da biro a hannu, suna zuba kuɗi kan dawakin da ke gudu a Faransa, waɗanda ba su taɓa gani ba, ba su kuma iya faɗin sunansu. Abin da wani ke zubawa can cikin sati ɗaya ya isa ya kai gidansa duka kallon sukuwa har ya yi wa uwargida tsarabar kilishi.

Na uku, wai ba wurin mata ba ne. Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi, kuma da ita muke juyawa wajen magabata. Ran da muka je, matan aure da muka gani ba su da yawa, kuma mun gane dalili. Babu inuwa sai rumfar manyan baƙi. Babu makewayi. Babu shingen kirki tsakanin jama'a da hanyar dawaki, sai samari masu bulala suna kora mutane baya. Da idonmu muka ga wani yaro ya kutsa cikin fili dawaki na tafe, Allah ne kaɗai ya kiyaye. Mahayan su ma, da yawansu yara ne marasa nauyi, wasu ko hular kwano babu a kansu. Uwar da ta ga haka sau ɗaya, da wuya ta sake kawo ɗanta.

Gyaran nan bai fi ƙarfinmu ba, kuma muna da misali a gida. Tun da aka fara gasar takobin kokowa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi sarauta, hukuma ta riƙe kokowa da hannu biyu. Yau kowace jaha tana da filinta ginanne mai wurin zama, kamar filin Langa-Langa na Damagaram. Sukuwa ba ta roƙon ko rabin haka. Shinge, rumfa ɗaya ta mata da yara, makewayi, famfo, motar asibiti a tsaye ranar tsere, da doka cewa ba mai hawa sai da hular kwano. Ma'aikatar magajin gari da ƙungiyar masu dawaki suna iya wannan in sun sa kansu.

Akwai kuma wata barazana da ba a cika faɗi ba. Ƙidayar 2001 ta samu ƴan Nijar miliyan 11, ta 2012 ta samu miliyan 17. Birane na faɗaɗa, filayen sukuwa da a da suke bayan gari yanzu gidaje sun kewaye su, kuma duk fili mai faɗi a cikin gari akwai masu kallonsa da idon awo. Filin da babu kowa cikinsa sai ƴan tsiraru, rana ɗaya za a wayi gari an kafa masa duwatsun iyaka. Filin da dubban iyalai ke cikawa kowane sati, ba mai taɓa shi a ɓoye. Saboda haka muna kira ga hukumomi da su yi wa filayen nan takardu da iyaka bayyananniya, a Damagaram, Maraɗi, Tawa da sauran garuruwa.

Mu ƴan rediyo ma da namu laifin. Muna ɓata awa guda kan ƙwallon Turai, ba mu ba sukuwar garinmu ko minti 5. Daga wannan satin, mun ɗauki alkawarin sanar da rana da lokacin kowane tsere cikin shirinmu.

Kai kuma Malam tela, da duk magidanci irinka, gani ya kori ji. Ka ɗauki tabarma, ka ce wa uwargida ta shirya, ku zauna nesa kaɗan da hanyar dawaki, ka riƙe hannun ƙaramin. In yaro ya tambaye ka sunan wancan doki ba ka sani ba, kada ka ji kunya, akwai dattijo kusa da kai. Allah ya kai mu Lahadi lafiya.