Hular Kaka Don Sanyin Hunturu

Iyaye mata, da ku 'yan mata masu koyon saƙa, zancen wannan wata naku ne. Maigida ma kada ya tsallake shafin, gama shi zai ba da kuɗin zare.

Hunturu ya ƙaraso. Daga Disamba zuwa Fabrairu, a wurare kamar Jos, sanyin asuba yakan sauka har kusan digiri 10. Babba zai ja bargo, amma jariri ba shi da dabara. Kansa ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, gashinsa kaɗan ne, saboda haka ɗumi yana saurin fita ta wurin. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ke cewa a rufe wa sabon jariri kai, balle bakwaini. Ga kuma goyo: zane ya rufe jikin yaro, kai kuwa yana waje yana shan iska.

Hular kanti mai kama da ƙwarya ba ta zama. Yaro ya goga kai a bayan uwa sau biyu, ta zame, kunnuwa suna waje. Don haka na ke so mu koma ga tsohuwar hular nan mai tsini a baya, wadda ta ke rufe kunne da kumatu da ƙeya gaba ɗaya. Da tsohuwar zuma a ke magani. An yi yayinta ƙwarai a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1941 zuwa 1949 gwamnatin can ta ƙayyade sayen tufafi, sai mata suka riƙa warware tsohuwar rigar sanyi suna saƙa wa yara sabon abu da zaren. Hular nan ta dace da su domin ba ta cin zare, ba ta kuma da wuya.

Ga yadda a ke yi. A samo zare mai taushi matsakaicin kauri, ƙulli ɗaya mai giram 50 ya isa jariri, da tsinken saƙa guda biyu masu kaurin milimita 4. A guji zare mai yawan gashi, gama yana shiga baki da hanci.

Da farko a auna yaron da abin awon tela. Awo na ɗaya, daga ƙarƙashin kunnen dama, a bi ta tsakar ka, zuwa ƙarƙashin kunnen hagu. Awo na biyu, daga goshi zuwa ƙeya. Ga sabon jariri yakan zama wajen santimita 30 da 13. Ɗan shekara ɗaya ko uku ya fi haka, sai a bi awonsa, kada a yi kintace.

Kafin a soma, a saƙa ɗan ƙyalle na gwaji a ƙirga idanun da ke cikin santimita 10. Da irin wannan zare yakan zama ido 22. To, santimita 30 ke nan ido 66. Mai sakin hannu za ta sami ƙasa da haka, mai matsewa za ta sami fiye, kowace ta yi lissafi da hannunta. Wadda ta ƙi gwaji, ita ce ke warware aikin kwana uku.

A ɗora idanun a tsinke. A yi saƙar bakin riga, ɗaya gaba ɗaya baya, har santimita 3. Wannan shi zai kama fuska. Daga nan a ci gaba da saƙar gaba kaɗai a kowane layi, har tsawon ya cika awo na biyu. A rufe. Abin da ke hannu yanzu ƙyalle ne mai kusurwa huɗu. A ninka shi biyu, a ɗinke gefen da aka rufe da allura da ragowar zaren. Ga hula, ga tsininta a baya. Mai kwarashi ma za ta iya, awon ɗaya ne.

Sauran maɗauri, a nan kuwa a ke kuskure. Hular dā tana da dogayen igiyoyi da tuntu, abin sha'awa a ido, amma igiya a wuyan yaro haɗari ce. A 1976 an kafa doka a Ingila ta hana igiyar zuge a hular rigar ƙananan yara, domin takan sarƙe ta shaƙe su. A saƙa ɗan gajeren maɗauri mai faɗi ya bi ƙarƙashin haɓa, a sa maɓalli ɗaya babba, a ɗinke shi da ƙarfi yadda yaro ba zai cire ya haɗiye ba. A bar wurin da yatsa biyu za su shiga.

Abu na biyu, hula ta sanyi ce, ba ta ado ba. Sau nawa mu ke ganin jariri cikin ulu daga kai har ƙafa a zafin Afrilu, yana zufa, ƙuraje sun feso masa? Likitocin yara suna gargaɗi kada a kwantar da jariri barci a ɗaki da hula, domin zafi yakan yi masa yawa, hular kuma takan zame ta rufe hanci. Bakwaini da marar nauyi su ne daban, a bi abin da ma'aikatan asibiti suka ce. In ana so a san halin yaro, a taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ba tafin hannu ba. In da gumi, a cire.

Abu na uku, yawancin zaren kasuwa na roba ne, yana narkewa in ya ji wuta. Kada a zauna da yaro dab da murhu ko kaskon garwashi yana sanye da ita. A wanke ta da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shimfiɗa a inuwa, kada a rataye, don kada ta miƙe.

Wadda ta iya, ta koya wa maƙwabciya, ko ta kai aikin taron Zumuntar Mata. In kun ji an haihu a unguwa cikin sanyin nan, yamma biyu ko uku sun isa a gama hula kafin ranar suna.

Sai wata mai zuwa.