Kuɗin Taimako A WhatsApp: Ina Lissafin?



A zangon karatun da ya wuce wani ɗan ajinmu ya yi hatsarin babur a hanyarsa ta komawa gida, ƙafarsa ta karye, likitoci suka ce sai an yi aiki. Kafin la'asar an haɗa fosta, an sa hotonsa da lambar asusu, an watsa a duk guruf ɗin da ake da shi. Ni ma na ɗora a sitatus, na tura abin da ya sawwaƙa. Wallahi abin ya burge ni. Ɗalibin da garau-garau ne abincinsa safe da yamma, shi ma sai da ya tura ɗari biyar. Cikin kwana huɗu aka ce kuɗi sun isa, aka yi aikin, yanzu haka yaron yana shigowa lakca da sanda. Alhamdu lillahi.

Bayan sati biyu sai wani ya jefo tambaya a guruf: "Wai nawa aka tara ne gaba ɗaya?" Nan fa ake yin ta. Ashe asusun da aka sa na wakilin ajinmu ne na kansa, wanda kuɗin handawut ke shiga, kuɗin da babansa ke turo masa su ma nan suke shiga. Ya kasa rarrabe wanne ne wanne. Ni dai har ga Allah ban yarda ya ci ko sisi ba, na san halinsa. Amma ba shi da abin da zai nuna, mu ma da muke kare shi ba mu da shi. Aka yi ta jifa da magana har ya fice daga guruf ɗin. Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya: da mahaifiyar wata 'yar ajinmu ta kwanta asibiti aka sake yin fosta, mutanen da suka yi rububin bayarwa a baya sai suka karanta suka yi shiru. Baiwar Allahn nan ba ta yi wa kowa laifi ba, amma ita ta biya bashin sakacinmu.

Shi ya sa na ce bari in yi magana kafin in bar makarantar nan. Ƙungiyoyinmu, daga na jihohi zuwa na sashe, na addini da masu kai ziyara gidan marayu, kullum kukansu mutane ba sa bayarwa. Ni a ganina mutanenmu ba su da rowa. Al'ummar da ta saba da gayya da adashi da gudummawar biki ba sai an koya mata haɗa hannu ba. Kowa ya ga yadda aka yi ta tura taimako ta waya lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri a watan Satumbar 2024. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yarda, kuma mu masu karɓa mu ne muke kashe ta da hannunmu.

Akwai dalilin da ya sa nauyin ya fi yawa a kanmu. A Amurka ko Ingila mutum kan buɗe shafi a GoFundMe, kowa ya shiga zai ga abin da ake nema da abin da aka samu, lambar tana hawa a gabansa. Daga Najeriya ba a buɗe irin wannan shafin a can, don haka mu lambar asusu kawai muke mannawa. Mai bayarwa yana tura kuɗi cikin duhu, wanda alat ke shigar wa wayarsa shi kaɗai ya san gaskiya. Tunda na'ura ba za ta yi mana lissafin ba, dole mu yi da kanmu.

Kuma an taɓa yi a ƙasar nan. A watan Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, wata ƙungiyar mata mai suna Feminist Coalition ta tara sama da naira miliyan 140 ta intanet cikin kimanin mako biyu. Ko kana goyon bayan waccan zanga-zangar ko ba ka goyon baya, ba ita nake magana a kai ba. Abin dubawa shi ne yadda suka riƙa wallafa a Twitter abin da ya shigo da abin da ya fita da inda ya tafi: abinci, magani, lauyoyi. Wanda ya ba da dubu ɗaya jiya ya ga lissafi yau, gobe sai ya ƙara, ya kuma jawo abokinsa. Lissafin shi ne tallar. Mu kuwa sai mu ɓata dare muna gyara kalar fosta, rasit ɗin asibiti kuma yana aljihun wani ya cukurkuɗe.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuskata. "Haba malam, aikin Allah ne fa, sadaka ai ɓoye ta ake yi, wannan bayyane-bayyanen riya ce." To, a nan ne muke cakuɗa abu biyu. Mai bayarwa yana da damar ya ɓoye sunansa, kuma ya kamata mu taya shi ɓoyewa. Amma wanda aka damƙa wa kuɗin ba sadaka yake yi ba, amana yake riƙe da ita, ita kuwa amana a fili ake sauke ta. A ɓoye mai bayarwa, a bayyana lissafin mai riƙo. Wasu kuma su ce tambayar lissafi zargi ne. A'a, kariya ce. Da wakilin ajinmu yana da takarda ɗaya tak, da yau mutuncinsa na nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To me za a yi? Ba wani abu ne mai tsada ba. Na farko, a daina sa asusun mutum ɗaya. Ƙungiyar da ta kafu ta nemi rajista da hukumar CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu, ta buɗe asusu da sunanta, wanda kuɗi ba sa fita sai mutum biyu sun sa hannu. Na san rajistar tana cin kuɗi da lokaci, kuma banki zai iya neman takardar SCUML, ofishin da ke ƙarƙashin EFCC. Ƙaramin aji ba zai iya wannan ba, shi ya sa nake kira ga ƙungiyar ɗalibai ta ware asusu guda na taimakon gaggawa, wanda kowane aji zai iya amfani da shi bisa ƙa'ida.

Na biyu, kowace fosta ta faɗi abu huɗu: nawa ake nema, me za a yi da shi, ranar da aka fara, da wanda za a kira don tabbatarwa. Kowane dare a saka jimillar abin da ya shigo. Ranar da kuɗi suka cika a fito a ce an rufe, a nuna rasit, a faɗi inda ragowar za ta tafi. Sau nawa muka ga fostar marar lafiya tana yawo bayan shekara, alhali ya warke ko ma ya rasu? Irin wannan fostar marar kwanan wata ita ce abincin 'yan damfara, lambar asusu kawai za su canza.

Na uku, mu ji tsoron Allah kan hotuna. Ana ɗaukar mutum a gadon asibiti ba riga, ko marayu an jera su riƙe da kwalin taliya, a watsa wa duniya ba tare da an tambaye su ba. Yaron nan zai girma, hoton kuma ba ya gogewa daga intanet. A nemi izini, a rufe fuskar yara, takardar likita ma in za a nuna a rufe abin da yake sirri. Talauci ba ya cire wa mutum mutunci.

Sai batun jawo hankali. A 2014 an yi wani yayi a duniya na sheƙa wa kai bokitin ruwan ƙanƙara, wanda ya tara wa ƙungiyar ALS ta Amurka dala miliyan 115 don yaƙi da wata cutar jijiyoyi. Ba cewa nake mu sheƙa wa kanmu ruwan sanyi cikin hunturu ba. Sirrin shi ne duk wanda ya yi sai ya ambaci sunan abokansa ya ce saura ku. Mutum ya fi amsa kiran wanda ya sani. Saƙo ɗaya da ka tura wa tsohon ɗalibin sashenku da sunansa, da gaisuwa, ya fi fosta ɗari da aka jefa a guruf. A yi ɗan gajeren bidiyo ko saƙon murya da Hausa, don iyayenmu da 'yan kasuwa da yawa sun fi sauraro a kan karatu. Bayan an gama kuma a koma a yi godiya, kar a tuna da mutum sai ranar da buƙata ta sake tasowa.

Kuma me zai sa mu jira sai wani ya karye? Ɗalibai 500 in kowa ya ba da naira 200 a wata, naira dubu 100 ke nan, kuɗin da bai kai na datar kwana biyu ba a wurin yawancinmu. Da akwai irin wannan asusun, da mahaifiyar 'yar ajinmu ba ta jira fosta ba.

Mu dai mun kusa tafiya, furojet ne kawai ya rage mana. Ƙannenmu da za su karɓi ragamar ƙungiyoyin nan, don Allah ku gyara abin da muka ɓata. Duk wanda ya ce ku turo, ku tambaye shi lissafi cikin ladabi, in kuma ku aka damƙa wa, ku kawo tun kafin a tambaya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu ikon sauke amana.