Kwamfuta Ta Gane Sinadari, Kasuwa Ta Gagare Ta

Cikin shekara ta 2024 aka ba mutum uku lambar girma ta Nobel a ilmin sinadarai, watau David Baker na Amurka, da Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin DeepMind a birnin Landan. Biyun ƙarshe sun same ta ne saboda wani tsarin lissafi na kwamfuta mai suna AlphaFold. To, ga tambayar da ta shafi kowane mai ciniki: abin da ya iya faɗin siffar sinadari tun ba a gan ta ba, me zai hana shi faɗin farashin gobe?

Sinadarin nan furotin ne, wanda ke gina jikin kowane mai rai. Misalinsa carbi ne mai duwatsu iri 20, wanda kan nannaɗe ya ɗauki siffa, aikinsa kuwa bisa ga siffar nan yake. Tun 1958, sa'ad da John Kendrew ya fara bayyana siffar guda ɗaya a Kambirij ta Ingila, masana kan shekara suna wahala a kan ƙwaya ɗaya. Daga 1971 suka soma tara abin da suka tabbatar a taska guda. Wannan taska AlphaFold ya nazarta. A 2020 aka jarraba shi da furotin waɗanda aka san siffarsu amma aka ɓoye, amsarsa ta yi kusa ƙwarai da abin da aka auna. A 2022 aka fitar da kintacensa na furotin fiye da miliyan 200. Malamai za su gane wannan ba duba ba ne, ƙiyasi ne: an auna wanda ba a sani ba da wanda aka sani.

Kasuwa kuwa labarinta daban. A 1994 aka kafa wani kamfanin juya kuɗi a Amurka, ana ce masa LTCM. Cikin masu shi har da Myron Scholes da Robert Merton, waɗanda suka sami Nobel ta tattalin arziki a 1997. Lissafinsu ya nuna farashin da ya kauce zai komo hanya, suka ci bashi mai yawa a kan haka. A watan Agusta na 1998 Rasha ta kasa biyan bashinta, masu kuɗi suka firgita, kowa ya nemi sayarwa a lokaci guda. Kamfanin ya yi hasarar fiye da dala biliyan 4 cikin 'yan watanni, sai da manyan gidajen kuɗi 14 suka taru suka tallafe shi.

Dalilin bambancin a fili yake. Furotin ba ya jin abin da aka faɗa a kansa, siffarsa ta jiya ita ce ta gobe. Amma kasuwa mutane ce, tana da kunne. In lissafi ya nuna gero zai yi tsada, kowa ya saya ya ɓoye, ranar da aka buɗe rumbuna gaba ɗaya sai farashi ya karye. Kintacen da kansa ya sake abin da aka kintata.

Saboda haka mai hankali ya riƙi kwamfuta kamar sikeli, mai faɗin nauyin abin da aka ɗora masa. Ko masu AlphaFold sai sun koma ɗakin gwaji kafin su tabbatar. Wanda zai ci bashi a kan kintacen farashi, lalle ya fara tambayar kansa abin da zai rage masa in lissafin ya saɓa.