Tafiyar Hutu Da Iyali A Kujerar Manya: Mene Ne Hukuncinta?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Tambayar wannan mako ta fito ne daga ƙasar Gobir, wajen Isa da Sabon Birni. Mutum ne Allah Ya buɗa masa a kasuwanci, yana nufin ya ɗauki iyalinsa su fita ƙasar waje na mako guda ko kwana goma, ko dai Makka domin Umra, ko Alƙahira ko Dubai domin hutawa. Yana kuma so ya yanki tikitin ajin 'yan kasuwa, watau kujerun gaban jirgi masu faɗi da mutanenmu ke haɗawa da faskila su kira kujerar manya. Shin wannan ya halatta, ko kuwa almubazzaranci ne?

Amsa ita ce, asalin tafiya halal ce, asalin jin daɗi da dukiyar halal kuma halal ne. A cikin Suratul A'araf, aya ta 32, Allah Ya yi inkari ga wanda ya haramta ƙawa da daɗaɗan abinci da Ya fitar domin bayinSa. Faranta wa iyali rai kuwa yana cikin kyakkyawan zama da aka umurci miji da shi. Saboda haka ba wani malami da zai ce kujera ta haramta don kawai tana da faɗi. Amma a Suratul Furƙan, aya ta 67, an yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsakanin ɓarna da ƙwauro. Wannan tsakiya kuwa ba ɗaya ba ce ga kowa. Tana bin ƙarfin mutum, da haƙƙoƙin da ke kansa, da halin da jama'arsa ke ciki.

To, kafin a yi maganar tikiti, sai mai tafiya ya yi wa kansa hisabi a kan abu uku. Na farko bashi. Ya tabbata a hadisin Buhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Wanda manoman wake da gero ke binsa kuɗin kaya, ko yaran shagonsa ke binsa albashi, ba shi da halin sayen kujerar manya sai ya sallame su. Na biyu zakka, watau rubu'in ushirin dukiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara. Na uku haƙƙin dangi da maƙwabta, kuma a nan ne maganar ta yi nauyi ga mutumin Gobir.

Tun da rikicin 'yan bindiga ya tsananta a 2019, dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, da yawansu suka sauka a ƙauyukan Gidan Runji. Wasu kuma suka taru a cikin garin Isa da Sabon Birni da birnin Sakkwato, sun bar gonakinsu ba noma. Kuɗin kujerar manya guda yakan ninka na gama-gari sau biyu ko uku, wani lokaci fiye. Idan iyali mutum shida ne, sai mai gida ya ɗauki alƙalami ya fitar da bambancin, sa'an nan ya dubi buhun gero nawa zai saya da shi. Tafiyar Kano zuwa Jidda kai tsaye ba ta wuce awa biyar ba. Yunwar gidan ɗan gudun hijira kuwa daga damina zuwa damina take.

Ibn Kasir ya kawo labarin Abdullahi ɗan Mubarak, babban malamin hadisi wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan Hijira. Ya fita aikin Hajji, sai ya ga wata yarinya tana ɗaukar mushen tsuntsu a juji saboda yunwa. Da ya ji halin gidansu, ya ba ta guzurin tafiyar, ya bar abin da zai mayar da shi gida kaɗai, ya koma. A mazhabar Imamu Malik, Umra sunna ce sau ɗaya a rayuwa, maimaita ta a cikin shekara guda ma makaruhi ne. Ciyar da wanda yunwa ke neman halakawa kuwa farilla ce a kan masu hali.

Wanda ya sauke waɗannan haƙƙoƙi, ya tafi abinsa ba laifi. Shawararmu dai ita ce a raba kujera bisa bukata. Tsohuwar da ke fama da ciwon gwiwa, ko mahaifin da ba ya iya daɗewa a zaune, ko mai juna biyu da likita ya yarje mata tafiya, waɗannan sayen babbar kujera dominsu biyayya ce da jinƙai, akwai lada a ciki. Yara masu ƙarfi a jika kuwa gama-gari ya ishe su, jirgi ɗaya ne zai sauke kowa. Abin kunya ne a ga mai gida ya miƙe ƙafa a gaba, mahaifiyarsa na matse a baya.

Mai mata fiye da ɗaya ya kula da adalci. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya bar wa miji zaɓi a sauran tafiye-tafiye, amma ya ajiye ƙuri'a a tafiyar Hajji da ta yaƙi. Duk da haka, wanda ya yi ƙuri'a ko ya tsara juyi a fili ya fi kusa da zaman lafiyar gidansa.

Sa'an nan sai maganar hanya, wadda ta fi maganar jirgi hatsari. Mutumin Sabon Birni sai ya bi ta Goronyo, na Isa kuma sai ya ratsa dajin Gundumi ko ya yi zagaye, kafin ya kai filin jirgin Sultan Abubakar III a Sakkwato, balle na Malam Aminu Kano. Ba a manta ba, a watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya fiye da 20 a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun 'yan bindiga a watan Agusta. Allah Ya jiƙansu. Saboda haka a riƙe sirrin ranar tashi da ranar dawowa, a yi tafiyar mota da rana, a kuma hana yara sa hoton tikiti ko na kujera a Facebook da WhatsApp. Irin wannan hoto, ban da riya da ke cikinsa, sanarwa ce ga masu kai rahoto daji cewa gidan nan akwai abin fansa.

Game da takardu, a duba fasfon kowa, har da na jariri, a tabbata yana da sauran wata shida aƙalla. A tanadi katin allurar shawara, a nemi biza tun da wuri ta hannun wakilin da hukuma ta yi wa rajista. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 farashin tikiti yana bin canjin dala, don haka kada a dogara da lissafin bara.

Game da ibada, Risalar Ibn Abi Zaid ta iyakance tafiyar ƙasaru da baridi huɗu, watau mil 48, kuma daga Isa ko Sabon Birni zuwa Sakkwato ya zarce haka. Amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a masauki, ko abin da zai kai salla ashirin, sai ya cika sallarsa. Mai nufin Umra da zai sauka Jidda ya ɗaura harami kafin jirgi ya gifta miƙati. Wanda ya fara da Madina kuwa ya ɗaura a Zulhulaifa. A kuma sani, jiragen ƙasashe da yawa suna gabatar da giya tun kafin tashi a ajin manya, wani lokaci a kofin da ya yi kama da na lemo. Jiragen Saudiyya ba sa raba ta. A sauran, uba ya yi tambaya kafin yaro ya miƙa hannu.

Har wa yau, ƙasar waje ba lalle sai ta jirgi ba. Tsibirin Gobir yana nan kusa da Maraɗi, jini ɗaya ne da mutanen Sabon Birni, kuma a can ne wasu 'yan'uwa ke zaman hijira. Idan hanya ta yi kyau, wanda ya kai 'ya'yansa su gai da su, da ɗan hatsi da sutura a mota, ya haɗa hutu da sada zumunci, kuma yaran za su dawo da darasin da ba a samu a otal.

Allah Ya ba mu dukiya ta halal, Ya sanya mana albarka a cikinta, Ya mayar da kowane ɗan gudun hijira gidansa lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya yarda.