Mai ciwon hanta, ka sa a duba ƙodarka tun da wuri

A asibiti, layin masu ciwon hanta daban, na masu ciwon ƙoda daban. Amma a cikin jiki, lalacewar hanta kan ja ƙoda ta tafi da ita.

Ga yadda abin ke faruwa. Garkuwar jiki tana samar da sinadaran da ke kama ƙwayoyin cuta. Ɗaya daga cikinsu shi ne IgA, wanda hanji ke samarwa da yawa. Idan ya dunƙule a cikin jini, hanta ce ke kwashe shi. Hantar da ta daɗe tana ciwo har ta yi tabo ta ƙandare ba ta iya wannan aiki sosai, sai dunƙulen ya bi jini ya maƙale a ƙananan matatun ƙoda. Wani likitan Faransa, Jean Berger, shi ya fara bayanin ciwon ƙoda na IgA a 1968. Ciwon hanta nau'in B da C su ma kan tara irin waɗannan sinadarai a ƙoda.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B. Da yawa ba su sani ba.

Ƙoda ba ta saurin kuka. Kafin ƙafafu su kumbura, fitsari kan nuna alama: kumfa mai yawa, ko jinin da ido ba ya gani. Gwajin fitsari kuɗinsa kaɗan ne. Wankin ƙoda kuwa, sau biyu ko uku a mako, ya sa gidaje sayar da gona da fili.

A ganina, ya kamata asibitocin gwamnati su mayar da gwajin fitsari da awon hawan jini dole ga duk mai ciwon hanta. Kai kuma majinyaci, ka nemi a yi maka, ka daina shan diclofenac, ibuprofen da jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba.

Iyaye kuma a kai jarirai allurar rigakafin nau'in B cikin awa 24 da haihuwa. Kyauta ce a asibitocin gwamnati.