Gilashi ne a ciki, ba jan ƙarfe ba



Wane ne a cikinmu ba a taɓa aikensa wurin mai POS ba, ya bi layi cikin rana, sai da aka zo kansa aka ce masa "ba sabis"? Mu dai ya faru da mu. Kuɗin cefane ne, yaya ya turo daga Kano, amma haka muka koma gida hannu biyu. Da muka tambayi malamin kimiyya, ya ce wani lokaci laifin daga ƙarƙashin ƙasa yake. Wannan ya sa muka bi diddigin maganar.

A gefen manyan hanyoyi ana binne wata waya da ake kira faiba. A cikinta akwai zaruruwan gilashi, kowane ɗaya kaurinsa kamar silin gashi. A bakin zaren akwai fitilar leza, wadda asalin abin da ke ba da hasken a cikinta bai kai ƙwayar gero ba. Aikinta ta haska ta rage, ta haska ta rage. Haskawa na nufin 1, ragewa na nufin 0, kuma da waɗannan lambobi biyu ake rubuta murya da hoto da saƙon banki. Akwai wadda ke yin haka sau biliyan 10 a sakan ɗaya! Hasken yana gudu cikin gilashin kimanin kilomita 200,000 a sakan. Ke nan kafin ka ƙifta ido saƙo ya taso daga Legas ya iso Ringim.

Ba a dare ɗaya aka samu wannan ba. A 1962 aka fara ƙera irin wannan ƙaramar leza a Amurka. A 1966 wani masani, Charles Kao, ya nuna cewa gilashi mai tsabta zai iya kai haske nesa, har aka ba shi kyautar Nobel a 2009.

To amma duk saurin lezar nan, diga ɗaya ta isa ta tsayar da ita. A ranar 14 ga Maris, 2024, cikin azumi, wasu wayoyin faiba sun lalace a ƙarƙashin teku kusa da Kwaddebuwa. Intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabta, bankuna suka yi ta ba mutane haƙuri. Wancan a teku ne, ba mu da iko a kai. Ta kan tudu kuwa, mutane ne ke tsinka ta: masu aikin hanya, masu haƙa kwata, da masu tono ta suna zaton jan ƙarfe za su samu su kai wa 'yan jari-bola.

Wani zai ce, ina ruwanmu, ai ta kamfani ce. Mu ba mu yarda ba. Idan ta tsinke, kamfani zai turo injiniyoyi su haɗa. Kafin nan wa ke shan wahala? Yayyenmu masu rajistar JAMB, da mai jiran kuɗin magani, da mu 'yan aike. Shi kuma wanda ya tono ta, gilashi da roba kawai zai tarar, ba wanda zai saya. Ya yi biyu babu, ga kuma hukunci, domin a 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Don haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, mu gaya wa na gida cewa ba jan ƙarfe a cikin wayar nan. Na biyu, idan muka ga ta fito fili, mu sanar da malami ko mai unguwa. Kada mu leƙa bakin zaren, domin haskensa ba ya ganuwa amma yana iya cutar da ido. Na uku, Malam, don Allah a nuna mana a aji. An ce in aka huda gorar ruwa aka haska 'yar leza ta bayanta, hasken yakan bi ruwan da ke tsiyaya yana lanƙwasa. Mun yi alkawarin kawo gorar.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.

Daga ɗaliban ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.